Kiɗan da Muka Saukar wa Majdi

Ranar bikin nan na unguwar Bani Malik ba ta taɓa fita raina ba. Kalangu nake kaɗawa, a ƙungiyar Alhaji Illiya. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Umra na zo, na zauna.

Shekarar da aka sake buɗe bukukuwa bayan korona, mai gogenmu ya koma Maraɗi. Alhaji ya kawo wani Bamisire, Majdi, mai celo. Celo babban goge ne na Turawa, a ƙasa ake kafa shi tsakanin gwiwoyi. Kiɗan rawarmu a sama yake, muryar celo kuwa a ƙasa. In Majdi ya bi mu, sai wuyan hannunsa ya kumbura.

Alhaji ya ce, "Sani, ku saukar masa."

Ga yadda ake yi. Na rera, ya laluba, mu yi ƙasa kaɗan-kaɗan har hannunsa ya zauna. Sannan na sassauta tsarkiyar kalangu ta bi shi. Akwai kiɗan 'yan mata guda da ya yi nauyi bayan saukarwa, sai muka rage masa gudu. Daɗi muka ji.

Bayan la'asar muna bayan labule, mata na rawa a ciki. Muka shiga wannan kiɗan. Guɗa ta yanke. Sai ihu.

Na leƙa. Kakar amarya ce, tsohuwar da ke tafiya da sanda. Ta yi tsalle ta dira da mazaunai, tana magana da muryar namiji. Ashe kiɗan da ya sauka ya faɗa kan taken bori, na kiran iska. Ita kuwa ta tuba daga bori tun kafin a haife ni.

Maigadin wurin ya zaro waya. "Sihiri ne wannan?"

In 'yan sanda suka zo, ni za a fara ɗaurewa.

Alhaji ya ce, "Sani, mayar da shi sama! Yalla!"

Na matse kalangu a hammata, na mayar da kiɗan inda yake, da gudunsa. Majdi ya biyo ni yana cije leɓe. Tsohuwa ta yi atishawa, iskar ta sake ta, ta nemi mayafinta. Alhaji ya ce wa maigadi sukarinta ne ya faɗi. Maigadin ya daɗe yana kallonmu, sannan ya sa wayar a aljihu.

Majdi ya ce, "Ya Sani, me na kaɗa?"

Na ce, "Halas, ya wuce. Kar ka sake."

Ku yara, kiɗa a sama na mutane ne, a ƙasa yana iya zama na wasu. Yanzu duk kiɗan da muka saukar, sai wata tsohuwa ta fara ji, a zaune, ƙofa a rufe, kafin mu kai shi biki.