Baturiyar da Ta Tambayi Awakina

Na shekara ashirin da wani abu ina koyar da Hausa a wata ƙaramar makaranta a Virginia, inda gwamnatin Amurka ke turo ma'aikatan da za ta aika ƙasashenmu. Daga Hyattsville nake shiga jirgin ƙasa da safe, in sauya a tsakiyar gari. Ban taɓa ganin takardar manufofin Amurka ba, ba kuma wanda ya nemi shawarata. Abin da ake miƙo mini shi ne jerin kalmomin da ake so ɗalibai su iya, kuma yakan sauya in an yi sabon shugaban ƙasa.

Da na fara, rijiya ce da taki da allurar rigakafi. A lokacin aka kawo mini wata doguwar Baturiya wadda ta zauna shekara biyu a wani ƙauye kusa da Maraɗi tun tana budurwa. A bakin tsofaffin mata ta koyi Hausa. Ranar farko ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi awakina. Na ce suna lafiya. A hawa na huɗu nake zaune, ko kyanwa ba ni da ita.

Bayan wasu shekaru ta dawo, an mayar da ita sashen zaɓe. Muka yi wata uku a kan ƙuri'a da maguɗi. Ta nemi yadda talaka zai tambayi mai mulki ina ya kai dukiyar jama'a. Na koya mata, na kuma gaya mata ba a cika faɗa a gabansa ba.

Bayan harin da aka kai wa dogayen benayen nan biyu na Amurka, aji ya cika da samari masu askin soja. Suna da ladabi, ba sa makara. Suna son "tsaya" da "ɗaga hannunka" da "wa ya bi ta nan?" Wani ya tambaye ni nawa daga cikin gaisuwa za a iya tsallakewa, don ta yi masa tsawo. Na ce ya tsallake duka in ya ga dama, dattijon da ya tambaya zai nuna masa hanya, sai dai ba lallai ta zama wadda yake nema ba. Ya rubuta wannan a littafinsa.

Baturiyar kuwa tana can Yamai. Ta aiko mini da saƙo cewa ta koma haƙa rijiyoyi, amma yanzu sai ta rubuta a takarda cewa kowace rijiya za ta hana samari ɗaukar bindiga. Ta ce tana rubutawa, ruwa kuma yana fitowa.

Ɗalibaina na ƙarshe su biyu ne, ma'adinai da ciniki suka kawo su. Ba su gama ba aka rufe ajin. Shugabar makarantar ta gode mini ƙwarai, ta ba ni kofin shayi mai tambarin makaranta. Yanzu tuƙi nake yi, ina kai mutane filin jirgi.

Kwanan baya na haɗu da Baturiyar a shagon kayan miya na Landover, ta yi furfura. Gwamnati ta rushe hukumarsu, ta samu labarin ne a wayarta tana layin awon mota. Ta ce ta yi kuka kwana biyu, ba don kanta kaɗai ba: akwai unguwarzoma goma sha wani abu da take horarwa, ba ta samu ko yi musu sallama ba. Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce amin.

Na tambaye ta ko tana ganin za su koma.

"Za a koma, Malam," in ji ta. "Ban dai san me za a je nema ba."

Na rage mata hanya zuwa gidanta a garin Clinton, ta rungume ledar kuka da daddawa a cinya. Ta ce duk Juma'a take yi wa mijinta tuwo, shekara talatin ke nan, kuma har yau bai saba ba.