Fim Ɗin Da Na Ƙaga Wa Surukata

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni sabuwar amarya ce, an kawo ni Wara daga Birnin Yauri, gidan masunta a bakin ruwa. Allah ya yi ni da surutu, a gidanmu labari ba ya wuce ni ban ƙara masa gishiri ba, amma a gaban uwar mijina sai in koma kamar kurma. In gaishe ta a durƙushe, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan sai gobe. Ga shi cutar yanar ido ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani, don haka yini take a gindin banda tana juya kifi da lalube.

Fim ne ya haɗa mu. An tura wa mijina wani fim na 'yan fashi a waya, ina kallo ina sheƙa dariya, sai Inna, uwar mijin nawa, ta tambayi abin da ya same ni. Na ce wani tsohon ɗan sandan farin kaya ne, yana yawo da laima a buɗe har cikin ɗaki, takalminsa wari da wari, kuma ba ya tambayar wanda ake zargi komai, sai dai ya sunkuya ya shinshina hularsa. Inna ta yi dariyar da ban taɓa ji ba, ta ce in matso in riƙa faɗa mata abin da ake nunawa. Ita ta raɗa masa suna Mai Laima. Mun maimaita fim ɗin nan har ta haddace maganganunsa, kuma tun daga nan ta fara ce mini ɗiyata.

Da kashi na biyu ya fito, wayar mijina ta riga ta faɗa ruwa wajen jan taru, sai na je gidan wata ƙawata na kalla. Wallahi na yi baƙin ciki. Mai Laima ya fito a farko, aka ce ya yi ritaya, aka zaunar da shi a bayan mota babu ko laimar, ba a sake ganinsa ba sai ana gab da tashi. Aka cika fim da wasu samari uku masu baƙin tabarau suna ta gudu. Wanda aka harbe a farko sai ga shi a tsakiya yana cin shinkafa, ba a ce tagwaye ba ne, ba a ce ya warke ba. Har aka gama ban san abin da aka sace ba.

Na dawo na tarar Inna ta sa an shimfiɗa tabarma, ta ware mini ƙaton tarwaɗa, tana jira. Na buɗe baki zan ce fim ya lalace, sai na ga yadda ta karkato kunne. Abin da ya fito shi ne wai Mai Laima ya dawo da laima biyu. Daga nan ban iya tsayawa ba. Kwana shida ina saƙa mata labari da la'asar, har Mai Laima ya bi shugaban ɓarayi cikin kwale-kwale, ya gano shi da ƙaurin kifin da ke jikin hularsa. Inna na tafa mini, ni kuwa kaina na ƙara girma.

Ba a yi wata ba ta je suna Ngaski. Matan gidan suna hirar fim ɗin, suna cewa an ci amanar tsoho, Inna ta tsoma baki ta gyara musu, ta kawo zancen kwale-kwale. Aka yi ta dariya, wata ta ce duk wanda ya ba ta wannan labari maƙaryaci ne. Inna ta dage, ta ce mai ba ta labari ba ta ƙarya. Da ta dawo ta faɗa mini, amma na yi shiru. Wannan shirun ya fi ƙaryar yi mini ciwo har yau.

Bayan damina aka kai ta Yauri aka yi mata aikin ido, aka dace. Kowa na murna, ni ina murna ina gumi, domin bayan jikokinta, abin da ta fara nema ta gani shi ne Mai Laima. Mijina ya aro waya. Ta kalli kashi na ɗaya, ta ce ashe ma siriri ne. Aka sa na biyu, ta zauna ta kalla har ƙarshe, sannan ta juyo ta tambaye ni ko kwale-kwalen ya nutse ne a hanya. Na zube a ƙasa na faɗi gaskiya, ina jiran ta koma amsa gaisuwata tana kallon gefe.

Sai ta ce ai tun kwana na uku ta gane, lokacin da shugaban ɓarayi ya fara tari irin na mai shagon layinmu. Na tambaye ta to don me ta bari aka yi mata dariya a Ngaski. Ta ce gara a yi mata dariya da a kira ɗiyarta maƙaryaciya a bainar jama'a tana zaune. Nan na fashe da kuka, ita kuwa tana dariya, ta ce in share hawaye domin nawa ya fi nasu daɗi. Hukuncin da ta yanke mini shi ne in kawo kashi na uku, amma kullum in fara da cewa ƙirƙirata ce.

Yanzu mun kai kashi na tara, har maƙwabta na shigowa da kujerunsu. Abin da na koya shi ne, wanda ya mayar da kai idonsa amana ya ba ka, ko da a kan fim ne. Ina jan kunnen masu baki irin nawa: in abu bai yi daɗi ba ku ce bai yi ba, in kuma za ku ƙaga, ku ce naku ne. Ni na ci sa'a, wadda na yi wa ƙarya ta ɗauki kunyata ta ɗora a kanta, kuma ba kowa ke samun irin Inna ba.