Ƙwayar da Inna Dokta ta ba ƙaninta

Shekara ashirin da shida Inna Dokta ta yi tana goge-goge a asibiti. Ba ta taɓa riƙe allura ba, sai tsintsiya da bokiti, amma kunnenta bai taɓa zuwa hutu ba. Da ta yi ritaya ta dawo gida bakinta cike da kalmomin likitoci, kuma tun daga nan duk wanda kansa ya sara a layinsu, ɗakinta yake fara nufa.

Kayan aikinta gwangwanin biskit ne, cike da ragowar maganin duk wanda ya taɓa ciwo a dangi, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bisa launi ta kasa su: farare na ciwon kai, jajaye na ƙarin jini, sauran kuma na duk abin da ya gagari farare. In ka warke, aikinta ne. In ba ka warke ba, kai ka zo a makare.

Ƙaninta Auta kafinta ne, mai fama da asma tun yana yaro. Ƙurar katako ba ta ƙyale shi ba, shi ma bai ƙyale ta ba. Maganin shaƙarsa kullum yana aljihu, yana fesa shi kamar turare. Wata Talata da hantsi ya shigo mata dafe da ƙirji.

"Yaya, tun safe zuciyata ke dukan uku-uku. Na fesa abin nan ya fi sau goma."

"Bugun zuciya? Ka kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani." Ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga nata maganin hawan jinin. "Ita nake sha, ga tawa zuciyar nan kwance kamar ruwan randa."

Ya haɗiye. Zuciyar kuwa ta lafa, har Inna ta leƙa ta katanga tana ba maƙwabciya labarin nasara. Ba a yi awa ɗaya ba ƙirjin Auta ya fara ƙugi kamar tsohuwar ƙofa. Ya fesa magani, shiru. Ya sake fesawa, shiru. Da ta ga leɓɓansa sun fara sauya launi, sai ta fita titi ba takalmi tana kururuwar neman tasi.

A asibiti, bayan an sha fama numfashinsa ya dawo, wata matashiyar likita ta kira ta gefe, ta tambaye ta abin da ya sha. Inna ta miƙa mata kwalin maganin hawan jinin.

"Mama, bari in yi miki bayani," in ji likitar. "Hanyoyin iska na huhu, tsoka ce ta zagaye su kamar zobe. A jikin tsokar akwai ƙananan wuraren karɓar saƙo. Wani saƙon in ya zo sai ta matse, wani kuma sai ta saki, iska ta wuce. Maganin da yake fesawa, saƙon saki yake kaiwa. Zuciya ma tana da irin wuraren nan, shi ya sa da ya yawaita fesawa ta hau bugu. Ƙwayarki kuwa aikinta toshe su ne, kuma ba ta bambanta na zuciya da na huhu. Maganinsa ya zo ya tarar babu mai karɓa."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "Haka ne, 'yar nan. Dama abin da na yi zargi ke nan."

Likitar ta dube ta. "Da kun ƙara minti goma a gida, da yanzu zaman makoki ake shiryawa."

Wannan kam ta shiga. Inna ta fita baranda ta zauna a benci ta sha kukanta, kuka na gaske, don ita ta goyi Auta a bayanta. Sai da ta share hawaye ta lura ba a goge lungun da kyau ba, ta kira mai shara ta nuna mata.

Washegari babbar 'yarta ta zo ta kwashe magungunan kaf. Sana'a dai ba ta mutu ba. Yanzu Inna bayani take rabawa, kan tsokar huhu da wuraren karɓar saƙo, tana farawa da "wani aiki da muka yi ni da wata abokiyar aikina". Ko targaɗe ka yi, sai ta tambaye ka ko kana da asma.

Da Auta ya warware ya zo gaishe ta, ta haɗa masa shayi da hannunta. Ya daɗe yana leƙen kofin.

"Yaya, me kika sa a ciki?"

"Sukari mana!"

"To, bari dai in fara tambayar likita."