Ranar da na kai ɗalibaina daji

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a unguwar Zogbeli aka kawo mana babbar takardar bango mai hoton kurmi. Dogayen itatuwa ne irin na kudu, da birai da tsuntsaye, kowanne da sunansa na Turanci a ƙarƙashi. Na manna ta a allo, 'yan aji biyar suna bin bakina suna maimaitawa. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko mu ma muna da daji. Na ce muna da shi, kuma zan kai su su gani.

Ban yi shakka ba da na faɗi haka. Ina ƙarama, kakata mai sayar da sassaƙe a kasuwa takan tafi da ni bayan unguwar Dabokpa neman saiwa. Akwai kaɗanya da ɗorawa da kanya da ɗinya, da wata ƙatuwar tsamiya da muke hutawa a gindinta. Takan murje ganye ta kai min hanci, ta faɗi sunansa da Hausa da Dagbanci.

Sati uku ina bin hedimasta kafin ya yarda. Wata Asabar da safe muka cika motokin biyu, wato babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, kowane yaro da littafi da fensir. Na ce kowa zai zana ganye biyar daban-daban.

Muka kai inda na sani, sai gidajen bulo. Na ce direbanmu ya ƙara gaba. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ya fara waiwayena. Inda muka tsaya fili ne fetal, an kafa duwatsun siminti na alamar fuloti, ga kututture ko'ina. Gefe guda wani dattijo yana gadin tsibin ƙasa mai hayaƙi, gawayi yake yi. Na gaishe shi, na tambaye shi tsamiyar. Ya ce bai tarar da ita ba.

"'Yata, an riga an sayar da wurin," in ji shi. "Masu shi ne suka ce in kwashe abin da ya rage."

Yaran suna tsaye da littattafai a buɗe, suna jiran in ce wani abu. Na duba hagu na duba dama. Dalbejiya ɗaya ce kawai, irin wadda ke ƙofar makarantarmu. Suka zauna a inuwarta suka zana ganyenta, wasu har sau biyar don su cika aikin.

Daga nan muka koma gida. Ran Litinin hedimasta ya nemi rahoton tafiyar. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta cewa mun je lafiya, mun dawo lafiya, ba yaron da ya ji ciwo. Ya sa hannu, ya tuna min jarrabawa ta kusa.