Hannun Yaya Jafaru

Mutanen Sabon Gari likita suke ce masa, ko da yake takardarsa ta malamin asibiti ce. Ni kuwa Yaya nake ce masa, don shi nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Jafaru. Gidanmu gidan malamai ne a cikin birnin Zariya, shi kaɗai ya kauce ya bi aikin magani, har mahaifinmu ya daɗe yana fushi da shi. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai ta kama dole. Za a kawo masa ƙafa ta ruɓe tana ɗoyi, masu jira su toshe hanci, shi ko gezau, ya wanke ya ɗaure ya ce a shigo da na gaba. Matan unguwar Jushi sukan ce cire masa zuciya aka yi a makaranta. Ban taɓa yi musu musu ba, don ni ma haka na ɗauka.

Ɗansa na fari a hannuna ya tashi. Sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa muke kiransa Uba. Ana yaye shi aka kawo mini shi Samaru, inda maigidana ke aiki a gonar gwajin iri. Kun dai san kunyar ɗan fari a wurinmu, balle mai sunan tsoho. In Yaya ya zo duba ni, yaron na iya wucewa ta gabansa ya kau da kai kamar kaza ce ta gifta. Ba laifi ba ne, haka kowa yake yi.

A bazarar 1950 sanƙarau ya shigo ƙasar. Uba bai wuce shekara bakwai ba. Da safe ya ce kansa na ciwo, kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, wuya ya sanƙare, ƙeya ta koma baya. Na ga yadda cutar nan ta ɗauke yaran maƙwabta, na san ba ta jiran kowa. Maigidana ya roƙi direban motar gona, na goya yaron, muka nufi Sabon Gari.

A bayan gari aka kafa rumfunan zana aka ware masu cutar. Suna kwance jere a kan tabarmi, zafi kamar bakin tanda. Can na hango Yaya durƙushe da farar rigarsa. Na tsallake mutane na dire masa yaron a gabansa, na ce, “Yaya, ga shi.”

Ya ɗago ƙeyar yaron, ya buɗe masa ido, ya taɓa wuyan hannunsa. Sannan ya ce, “Kwantar da shi can inuwa. Ina zuwa.” Ya juya kan wata yarinya, ’yar wani Bamaguje mai suna Jatau da ya ɗauko ta a kafaɗa tun daga ƙauye.

Nan idona ya rufe. Ni Zubaidatu, ban iya haɗiye magana ba, kowa ya sani. A gaban jama’a na wanke shi tas. Na ce kunya ce wannan ko rashin imani? Na ce in ba ka son ɗan, ni ina so, ni na yi kashinsa da fitsarinsa. Wallahi har yau in na tuna abin da na faɗa wa yayana sai na ji nauyi. Bai ɗago kai ba. Abin da ya ce kawai, “Wannan ta fi shi jin jiki.”

Da ya gama da ita ya wanke hannu ya zo. Ya ce sai ya ɗebi ruwan gadon bayan yaron ya gani kafin ya san abin yi. Ya fito da wata allura doguwa, ya sa na lanƙwasa Uba, gwiwa ta haɗu da ƙirji. Yaron na nishi, fuskarsa na kallon ubansa. Yaya ya ɗan tsaya, sannan ya ce, “Rufe masa fuska da mayafinki.”

Gabana ya faɗi. Wa ake rufe wa fuska in ba gawa ba? Na ɗauka ya ga abin da ban gani ba, na saki yaron na fara salati ina kuka.

“Zubaidatu,” in ji shi, a hankali, “da ransa. Saboda ni za ki rufe. In ina ganin fuskar nan hannuna zai yi rawa, nan wurin kuwa in hannu ya kauce shi ke nan.”

Na rufe. Ina riƙe da yaron ina kallon hannun nan. Ni jikina ko’ina ɓari yake, gumi na zuba a haɓar Yaya, jijiyar wuyansa na harbawa ina gani, amma hannun ko motsi. Allurar ta shiga tsakanin ƙasusuwa a hankali, ruwa ya ɗigo fari-fari kamar tsarin gero. Ya duba, ya yi wa yaron wata allurar a cinya, ya ba ni ƙwayoyi ya gaya mini yadda zan niƙa in ɗura masa. Ya miƙe ya wuce tabarma ta gaba. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba, har na tsufa. Tsoronsa ya kama ni, da ganin girmansa, ni da na gama zaginsa ɗazu.

’Yar Jatau ta tashi. Uba ma ya tashi, amma cutar ta tafi da jinsa. Yaya ne ya gane da kansa. Ya zagaya bayan yaron ya tafa hannu, ya jefar da kwanon sha a ƙasa, yaron na ta wasa da bakin tabarma. Ya ɗauki kwanon ya ajiye inda yake, ya ce mini, “Kunnen ya tafi, ba zai dawo ba.” Haka ya faɗa, kamar yadda yake faɗa wa kowa. Na tambaye shi ko da ya fara duba Uba kafin yarinyar nan da ba haka ba. Ya ce, “Ban sani ba. Na tambayi kaina.”

Ran Lahadi sai ga shi a Samaru kan kekensa. Ya ce kada a bar yaron ya manta magana, tun da ya riga ya iya, sai dai ya koyi kallon baki. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaunar da Uba a gabansa gwiwa da gwiwa. Matan gida suka leƙo suna riƙe baki, malami ɗan malamai ya zauna ido cikin ido da ɗan farinsa. Ko kallonsu bai yi ba. Ya kama hannun yaron ya ɗora a maƙogwaronsa, ya ce “ruwa”, ya sake cewa, ya sake.

Haka ya yi ta zuwa, damina da rani, har Uba ya zama saurayi. A asibiti kuwa bai canza ba ko kaɗan, matan Jushi ba su daina maganarsu ba. Uba yanzu tela ne a unguwar Palladan, yana ciniki da bakinsa kamar kowa. Sai dai wanda ya san Yaya, in ya ji Uba na magana, yakan waiga, ya ɗauka Yaya ne.