Kai Ko Ke

Lokacin da nake aikin gadi a Doha, mu shida ne a ɗaki ɗaya a Abu Hamour, kuma ni kaɗai na yi jami'a. Duk takardar da ta zo da Turanci, ni ake miƙa wa. Babbanmu direba ne ɗan Gusau, muna ce masa Kawu. Wata Baturiya injiniya yake tuƙawa, mota mai sanyi, aiki ba wahala, kuma da aikin nan yake riƙe da 'ya'ya biyar a gida.

Wata Juma'a da muka dawo daga masallaci, ya ja ni gefe, ya zaro faifan CD daga aljihu, naɗe a leda.

"Mai digiri, Madam ce ta ba ni. Wai kyauta. Mace ta ba namiji waƙa haka siddan? Saurara ka gaya mini abin da take nufi."

Na sa a rediyon ɗakinmu, na rage ƙara. Fiyano ne a hankali, da wani abu mai kuka kamar goge, sai muryar mace a dushe, tana jan kowace kalma kamar ba ta son sakinta. Ta yi raɗa, ta ɗaga kamar za ta fashe da kuka, sai ta fasa. A zatona irin waƙar da ake yi a ƙaramin gidan rawa ce, ko da yake ban taɓa shiga ba.

Na fara fassarawa. Na ce tana cewa kai ne ka bar ta tana jira, kai take gani in ta rufe ido.

"Ni?" in ji Kawu.

"Ba lalle kai ba, Kawu. Mawaƙiyar ce ke magana, ba Madam ba. Wataƙila."

"Wataƙila! Shekara huɗu a jami'a, wataƙila ka koyo?"

Daga nan ya shiga tono. Madam ta taɓa tambayarsa ko matarsa za ta zo. Ta kawo masa dabino da azumi. Rannan ma a gaban mota ta zauna, kusa da shi. "Tarko ne," ya ce. "In magana ta kai kunnen kafil, ubangidan da ya kawo mu ƙasar nan, wa za a gaskata? Jirgi kawai za a sa ni." Ni ma, in faɗi gaskiya, na fara ganin dabinon nan da wata fuska.

Sai bayan kwana biyu, da na sake saurara ni kaɗai, na gano kuskurena. Kalmar "you" da Turanci ke kiran mutum da ita ba ta raba kai da ke. Ban ji inda aka ce namiji ba. An ambaci mataji da aka bari a kan tebur, da ƙofa. Tana iya zama uwa ake yi wa kuka, ko 'yar'uwa. Hausa ce ta tilasta mini zaɓi, ni kuma fuskar Kawu nake kallo, sai na ce kai.

Da ya dawo daga aiki na tare shi a bakin ƙofa na yi masa bayani.

"Khalas, an gama, mai digiri. Na riga na roƙi kafil ya canza mini wuri."

"Kawu, ka taɓa ce mata wani abu kan waƙar?"

Ya ce, "Tana yawan sa ta a mota. Sau ɗaya na ce mata muryar ta yi kama da ta mahaifiyata in tana niƙa. Shi ke nan."

Na ce to ai ga dalilin kyautar. Ya ce, "Ka rantse?" Ban iya rantsewa ba.

Aka mayar da shi bas ɗin kai leburori Lusail, ba sanyi, albashi ya ragu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Faifan ya bar mini.

Har yanzu nakan sa shi, ina bin waƙoƙin ina sa ke a maimakon kai. Yawancinsu suna zama daidai. Akwai dai layi ɗaya a waƙa ta uku da ya ƙi zama sai da kai, kuma ban taɓa gaya wa Kawu ba.