Fangalin Malam Saïdou

Malam Saïdou mutumin Madarunfa ne, ɗan mai lambu. Shekara ashirin da shida ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, har gwiwarsa ta hagu ta gaza. Tun daga nan ya zauna a gidan hayar da suke ciki a unguwar Derrière la Prison, shi da matarsa Hadidja, kuma zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba fita da asuba sai ga shi yana wuni a kan benci, yana kallon masu wucewa.

A bayan ɗakinsu akwai ɗan fili, taku shida a tsawo, biyu a faɗi. 'Yarsa Khairat, wadda ke aiki a wani kanti a unguwar Cocotiers, ta kawo masa irin wani ganye da ake kira bilet da Faransanci, mai faɗin ganye da farin kara mai kauri. Sai dai ba shi kaɗai ke son filin ba. Maƙwabciyarsu Damaris, tela 'yar Pankshin da ake kira Maman Delight, ta daɗe tana neman kafa rumfar ɗinki a wurin. Mai gidan ya raba gardama: idan Kirsimeti ta zo ganyen bai shiga tukunya ba, fili ya zama na Damaris.

Malam Saïdou ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa. Ya haƙa fangali, wato ya zurfafa tsakiya ya tayar da gefe, domin kowane ɗigon ruwa ya tsaya a gindin shuka. Haka ake yi a lambunan garinsu, inda ruwa ke da wuya. Irin ya tsiro cikin Satumba, gwanin sha'awa. Da ruwan Oktoba ya sauko, cikin kwana uku fangalin ya zama kududdufi. Saiwa ta ruɓe, ganye ya kwanta.

Damaris ta same shi yana kwalfe ruwan da gwangwani.

"Baba, kifi za ka kiwata?"

"Maman Delight, ki bar ni da abin da ya dame ni. Ai rumfarki ta kusa."

Ta dubi kududdufin, sannan ta ce, "Iri nawa ya rage?"

"Ƙwaya goma sha ɗaya."

"To, ka juya aikin. A garin nan ba a tare ruwa, korarsa ake yi. Ka tara ƙasa ta kusa gwiwa, kamar kunyar dankali a wajenmu, ka yanka wa ruwan hanya ya fita kwata."

"Tun da nake, ban taɓa ganin an shuka ganyen miya a kan tudu ba."

"Ai rabin shekarunka buhu ka ɗauka, Baba, ba fartanya ba."

Kwana biyu bai taɓa filin ba. Hadidja ta ce ba zolayar ce ta dame shi ba. Rushe aikin da ya gada ne ya yi masa nauyi. A rana ta uku ya aro baro, ya cike fangalin da ƙasa da takin kaji, yana yi yana hutar da gwiwa, har ya tayar da kunya biyu, ya shuka ƙwaya goma sha ɗayan a kai.

Bakwai suka rayu. Khairat ta karanta masa abin da ke jikin takardar irin: ba a tuge shi kamar alayyafo, ganyen waje ake yanka, a bar na tsakiya ya ci gaba da tohowa.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, Hadidja ta raba ganyen da kara. Karan ta fara soyawa da albasa da manja, domin ya fi jinkirin nuna, sannan ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa da busasshen kifi. Ganyen ne ya shiga ƙarshe, bai daɗe a wuta ba. Kwanon farko Malam Saïdou ne ya ɗauka da hannunsa, yana ɗingishi, ya kai wa Damaris.

"Maman Delight, da bakinki kika rasa fili."

Ta ɗanɗana, ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Ta ci gaba da ci.

Har yau Damaris a barandarta take ɗinki. Tamfol ɗin da ke tare mata feshin ruwa kuwa Malam Saïdou ne ya ɗaura shi, da irin ƙullin da ya koya a bakin jirgi.